Zagin Kaka Asabe

Ranar da Rhoda Kambai ta fara ganin Mordecai, da a ce harara tana kisa, da a tashar jirgin Chingford za a yi jana'izarsa.

Lahadi ce, ana yayyafi. Mutum ashirin da uku sun yi cirko-cirko a bakin tasha, kowa da jaka a baya da takalmin shiga daji. 'Yan Sunday Boots ke nan, ƙungiyar Yahudawan London masu fita tattaki duk Lahadi, tunda Asabar ranar hutunsu ce. Babu mai karɓar ko sisi, aikin sa-kai ne. Rhoda ce shugaba, ita ke riƙe da usur da taswira da jakar magani da takardar sunaye, kuma a tsarinta ba a tashi sai an cika.

Mutum ɗaya ake jira. Minti ashirin cur!

Sai ga shi a guje, dogon saurayi sanye da farin takalmi fes, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya dubi rigar aikin da ke jikinta mai ruwan ɗorawa, ya dubi fuskarta, ya ce da Turanci, "Yi haƙuri, ke ma'aikaciyar tasha ce ko mai gadin da suka ɗauko? Shugabar ƙungiya nake nema, wata Rhoda."

"Ka same ta."

"Ke?"

Wannan "ke" ɗin ita ta ƙona mata rai. Shekara shida tana jin ta a bakin mutane iri-iri, har yau ba ta daina ciwo ba. Ta ja layi a kan sunansa da ƙarfi har biro ya huda takardar, ta juya baya, ta ce da Hausa a ƙasan maƙoshi, "Ji min sakarai. Ɗan banza kawai, da farin takalmi za ka shiga taɓo."

Saurayin ya tsaya cak. Idanunsa suka buɗe, sannan wani irin murmushi ya mamaye fuskarsa, har kunnuwansa suka yi ja.

"Au, dariya ma na ba shi," ta ce a ranta. Ta busa usur kamar za ta fasa shi.

A Kafanchan aka haifi Rhoda, ta zo London aikin nas, ta zauna a Woolwich. Shekara uku ta yi tana karatu a wurin wani rabbi, malamin Yahudawa, kafin ta karɓi addinin Yahudanci. Mahaifinta, Baba Kambai, sai da ya shekara biyu ba ya ɗaga wayarta. Ta biya wannan farashin ta shigo, amma ga shi duk majami'ar da ta shiga sai wani ya matso da fara'a ya ce, "To amma asalinki fa?" Ta tarar da Sunday Boots da mutum bakwai da tsohuwar taswira. Ita ta kai ta ɗari biyu. Ita ke zuwa ranar hutunta ta taka hanya tukuna, ta san inda gada ta karye, ta san inda tsofaffi za su samu benci. A cikin daji kaɗai ba a tambayarta asali, sai dai a tambaye ta hagu ko dama. Shi ya sa usur ɗin nan ya fi mata komai.

A ranar Mordecai ya faɗi a taɓo sau biyu. Ba ta ko waiwaya ba.

Lahadi mai zuwa ya riga kowa isowa, da takalmin kirki, da burodin kirfa a takarda.

"Na yi kuskure, Shugaba. Babban kuskure. Ki hukunta ni."

"Za ka zama mai bin baya," ta ce. "Kai ne na ƙarshe a layi. Wanda ya gaji naka ne, wanda ya ɓata naka ne, wanda igiyar takalminsa ta kwance naka ne."

"Na karɓa."

Wallahi ta ɗauka sati biyu zai gudu. Wata biyar yana biye da tsofaffi, yana ɗaukar musu jaka, yana sauraron labarin ciwon gwiwa. Duk lokacin da ta tsaya ƙirga kawuna, sai ta hango shi can baya yana ɗago mata hannu da wannan murmushin nasa mai ban haushi. Sannu a hankali haushin ya fara rasa wurin zama.

Saƙonninsu da Turanci suke, ga abin da suke cewa.

"Shugaba, mutum talatin da ɗaya sun isa gida lafiya. Na talatin da biyun ya bar zuciyarsa a kan tudun Box Hill."

"Farin Takalmi, ƙungiya ba ta ɗaukar alhakin kayan da aka yar."

"To wa ke ɗauka?"

Sai da ta yi awa guda kafin ta rubuta, "Na tsinta. Tana wurina."

Wata Lahadi a kan tudu, jama'a na cin abinci, ya zauna kusa da ita ya ce, "Rhoda, ina so in bi bayanki har ƙarshen rayuwata."

"Bin baya ba aure ba ne."

"To ki matsa in tsaya a gefenki."

Ta ɓoye fuska a cikin taswira. "Abu ɗaya, Mordecai. Ba zan shiga gidan da za a riƙa tambayata takardar shaida ba. Na gaji. Idan haka gidanku yake, ka faɗa min tun yanzu."

"Ba haka yake ba," ya ce. Allah sarki, bai san uwarsa ba.

Madam Perla, mahaifiyarsa, tana cikin mutum bakwan da suka kafa ƙungiyar, kuma 'yar kwamiti ce. Mace ce mai fara'ar da ba ta kai ciki. Shekaru tana yaba wa Rhoda, "My dear, ban san yadda za mu yi ba idan babu ke." Ashe yabon ma'aikaciya ne. Da ɗanta ya ce aure, sai fara'ar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Tana da wadda ta tanadar masa, Talia, lauya, 'yar ƙawarta ta Hendon.

Ran Laraba da la'asar kwamiti ya zauna a falon Madam Perla. An zuba shayi, an miƙa biskit, sannan ta gyara tabarau.

"Ba don kowa nake faɗa ba. Amma ƙungiya ta girma. Ina ganin shugaba ya kamata ya zama wanda aka haifa a cikin al'umma, wanda ya san mu tun daga tushe. Talia ta yarda ta tsaya. A kaɗa ƙuri'a ran Lahadi a dajin Epping."

Rhoda ta ajiye kofi. "Madam Perla, lokacin da mijinki ya zame a Box Hill, wa ya ɗaure masa ƙafa ya sauko da shi? Ban ji kin tambayi tushena ba a ranar."

"My dear, kada ki ɗauka da zafi."

"Da me zan ɗauka? Da sanyi?"

Ta juya ta dubi Mordecai, wanda aka sa rubuta bayanin taro. Kansa na ƙasa. Bai ce uffan ba. Ko tari bai yi ba! Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar musu shayinsu.

To, a nan sai na tsaya na gaya muku abin da Rhoda ba ta sani ba. Mordecai yana da kaka, mahaifiyar Madam Perla, tsohuwa mai shekara tamanin da shida. A Kano aka haife ta, a Fagge, inda ubanta Bayahuden Tarabulus yake cinikin fatu. Ranar Asabar ta zo duniya, maƙwabta suka sa mata Asabe, sunan ya bi ta har London. Hausa ta sha a bayan mai goyonta. 'Yarta Perla ta ƙi koyon ko kalma ɗaya, amma jika ya taso yana jin kaka tana rungume shi, tana sumbatar goshinsa, tana cewa, "Zo nan, ɗan banza! Sakarai na!" Wasan kaka da jika ne irin na gida, amma wa zai gaya masa? Shi a saninsa, "ɗan banza" na nufin abin ƙaunata, "sakarai" kuma hasken idona.

Kun ga dalilin murmushin tashar Chingford ke nan. Bawan Allah ya ɗauka daga ganinsa ta kamu da sonsa! Ya ɓoye sirrin yana jiran ranar da zai mayar mata da kalmominta masu daɗi. Kuma duk ranakun duniya, sai ya zaɓi wannan Larabar.

Tana cikin jirgin ƙasa na Elizabeth line, ta doshi Woolwich, saƙon ya shigo. Duka da Turanci, ban da kalmomi biyu.

"Rhoda, duk abin da Mama ta faɗa, ki san matsayinki a wurina. Ke ɗan banza ce. Tun ranar farko na sani. Sakarai. Ran Lahadi zan faɗa a gaban kowa."

Ta karanta sau uku. Jirgin ya yi mata duhu. Banza! Wato marar asali, marar amfani, abin da uwarsa ta lulluɓe da "my dear" shi ya fito da shi tsirara, kuma da harshen uwarta don ya fi shiga. Ashe yana jin Hausa? Ashe wata biyar ɗin nan ramuwa yake haɗawa? Nan take ta rubuta:

"Na gode da ka nuna min halinka kafin in shiga gidanku. Zuciyarka da na tsinta, ka aiko a karɓa. Kada ka ƙara kirana."

Ta toshe lambarsa. Matar da ke gefenta ta miƙo mata tishu, ta ce ba kuka take ba, alhali hawaye har wuya.

Kwana uku tana aiki kamar inji. Ta yanke shawara, ba za ta tsaya a kaɗa ƙuri'a a kanta kamar akuyar kasuwa ba. Za ta je, ta miƙa usur da taswira, ta juya. Su je su ɓata a daji da tushensu.

Ran Lahadi mutum ya haura tamanin a bakin dajin Epping, don labari ya zaga. Madam Perla na tsaye da Talia. Rhoda ta cire usur daga wuyanta, ta buɗe baki ke nan, sai ta hango Mordecai yana turo wata tsohuwa a kujera mai taya, an lulluɓe ta da bargo, da lema a hannu.

Tsohuwar ta ɗaga kai ta ce da Hausa tangaran, irin ta mutanen da, "Sannu da aiki, baiwar Allah. Muna lafiya? Ina gajiya?"

Usur ya kusa faɗuwa. Bakin Rhoda ya amsa da kansa, gwiwarta ta ɗan rusuna. "Lafiya lau, Kaka. Ba gajiya."

"Madalla. Sunana Asabe, 'yar Fagge. Wannan abin da kike gani jikana ne. Kwana uku ba ya cin abinci, sai jiya da aka fita Asabar ya nuna min abin da ya rubuta miki." Ta juya ta maka masa lema a cinya. "Ɗan banza! Sakarai! Wa ya aike ka?"

Mordecai ya dafe wurin, ya dubi Rhoda a marairaice. "Kin ji? Haka take ce min tun ina jariri. Na ɗauka... kuma ke ma kin ce min haka a tasha. Na ɗauka so ne."

"So?" Rhoda ta dafe ƙirji. "Zaginka na yi, Mordecai! Zagi na tsakani da Allah!"

"Yanzu na sani," ya ce a sanyaye. "An yi min fassara jiya. Da lema."

Dariya ta taso mata, ta danne ta da ƙyar. Sai yanzu ta lura ko "'yar" bai iya cewa ba, "ɗan" ya rubuta wa mace. Amma wuta ɗaya ce ta mutu, ɗayar tana nan.

"Wannan na yafe, rashin sani ne," ta ce da Turanci yadda kowa zai ji. "Shirun da ka yi ran Laraba fa? Shi ma kaka ce ta koya maka?"

Mordecai ya saki kujerar, ya tako tsakiya.

"A'a. Wannan tsoro ne, kuma nawa ne ni kaɗai." Ya juya ga uwarsa. "Mama, ina son ki, amma abin da kika yi ba daidai ba ne. Ba ƙungiya kike karewa ba, aurena kike son hanawa. Matar nan ta san kowace hanya a dajin nan, ta san maganin da kowane tsoho yake sha. Tamu ce. Idan aka cire ta yau, ni ma na fita. Kuma ko an cire ta ko ba a cire ba, ita zan aura, idan har tana so na."

"Mordecai, ba a nan ba," in ji Madam Perla, fuskarta ta yi ja.

"A nan ɗin," in ji Kaka Asabe, ta koma Turanci cikin fushi. "Perla, dube ni. Da na sauka a garin nan ina 'yar shekara ashirin, baƙa-baƙa da ni, ina cin yaji, addu'ata da wata irin murya, matan majami'a suka ce min, 'Ke Bayahudiya ce kuwa da gaske?' Shekara biyu ba wadda ta gayyace ni cin abincin Asabar. Kin san labarin nan, a cinyata kika ji shi. Kuma kin san addininmu ya hana a tuna wa wanda ya shigo cewa shigowa ya yi. Mu haihuwarmu aka yi a ciki, ba mu zaɓa ba. Ita da ƙafarta ta tako, ta bar ubanta yana fushi. Yau ke ce mai tsaron ƙofa? Tir!"

Talia, wadda da ma ba ta san zurfin rijiyar da aka tura ta ba, ta ɗaga hannu. "Ni fa ko taswira ban iya karantawa ba. Na janye."

Wani dattijo ya ce duk da haka a kaɗa, don magana ta mutu. Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Madam Perla kaɗai ta bar nata a aljihu.

Rhoda ta mayar da usur wuyanta. Ta dubi Mordecai ta gefen ido.

"Farin Takalmi."

"Na'am, Shugaba."

"Koma baya. Kai da kaka ne na ƙarshe a layi."

"Maganar auren fa?"

"Ka fara fito da ita daga taɓo lafiya tukuna."

Kada ku ce Madam Perla ta sauko a ranar. Ina! Wata uku ba ta fita tattaki ba. Sai wata Juma'a ta aiko da saƙo gajere kamar na likita: "Abincin Asabar ƙarfe bakwai. Mordecai ya ce kina cin yaji. Na sayo." Rhoda ta je. Ba a rungumi juna ba, amma ba a tambayi takarda ba, kuma yajin ya yi yawa har mai gidan ta yi ta tari.

Abu ɗaya ya rage yana sukar Rhoda, ba ta gaya wa kowa ba. Kaka Asabe tana zagin kowa a gidan. Jikoki 'yan banza ne, mijin Perla shashasha ne, har kyanwa ja'ira ce. Amma idan ta juyo kan Rhoda sai ta gyara zama ta ce, "Sannu, Malama Rhoda. A kawo wa baƙuwa ruwa." Rhoda 'yar gida ce, ta san ma'anar wannan ladabin sarai. Kaka ba ta zagin baƙo.

An ɗaura auren ranar wata Lahadi a watan Yuni, a fili cikin dajin Epping. Rumfar aure da suke kira huppa, da sandunan tafiya huɗu na 'yan ƙungiya aka ɗaga ta. Madam Perla ce ta riƙe ɗaya, ba wanda ya sa ta. Baba Kambai ya zo daga Kafanchan da babbar riga, yana cewa shi dai rakiya ya yi, amma da ango ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Baba," sai da dattijon ya share ido. Sati guda Rhoda ta yi tana horar da Mordecai a kan gaisuwar nan, tare da gargaɗin cewa idan ya kuskura ya ƙara kalma ɗaya daga cikin na kaka, an fasa.

Rabbi ya yi addu'o'i, ango ya taka kofin gilashi ya fashe, daji ya ɗauka da "Mazal tov!", wato barka da arziki. Matan Kafanchan biyu suka rangaɗa guɗa a kai.

Ana cikin haka Kaka Asabe ta yafito amarya da lema. Rhoda ta tattare farar rigarta ta durƙusa a gaban kujerar.

"Ga ni, Kaka."

Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, har zuwa takalmin daji da ke leƙowa a ƙarƙashin rigar. Sai ta kama kunnenta ta murɗa.

"'Yar banza! Kin ƙwace min miji, kuma kin zo min da takalmin taɓo ranar aurenki. Sakarya kawai!"

Rhoda ta kifa kai a cinyar tsohuwar ta fashe da kuka, kuka mai haɗe da dariya, har kafaɗunta na girgiza. Mordecai ya rugo a firgice.

"Kaka! Me kika ce mata kuma?"

"Rabu da mu," in ji Rhoda, tana share fuska. "Wannan karon fassararka ce daidai."

Kaka Asabe ta ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kansa. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa ku tsufa kuna tafiya tare, in ɗaya ya gaji ɗaya ya jira. Allah ya ba ku 'yan banza da yawa, in samu na zagi kafin in tafi."

Baba Kambai ya riga kowa cewa amin.